Irin Inna da Sabis ɗin Direba

Duk wanda ya san Direba ya san halinsa: a wajensa duk abin da ke motsi mota ne. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan babbar mota, da gwiwa ta fara ƙorafi, ido ya fara gardama da hasken fitila, sai ya miƙa makulli ya dawo gida, ya sayi shanu uku ya kafa musu rumfa a bayan gida. Babbar, mai yawan madara, ya sa mata Tanka. Doguwar mai tafiyar ƙasaita ita ce Tirela. Ƙaramar kuwa, sarkin tsalle da cin igiya, Akori-kura. Kullum da safe in ya shiga rumfa sai ya zagaya kowace, ya bubbuga cikinta da tafin hannu kamar mai duba iskar taya, ya kara kunne ya saurara, sannan ya gyaɗa kai ya ce, "Inji lafiya lau." Abin da ya fi tsana a duniya, in ka cire mai babur da ke gilma wa babbar mota a kwana, shi ne madarar gari. Garin alli yake ce mata, kuma yana faɗa da ƙarfi a gaban mai shago.

Matarsa, wadda yake kira Manaja tun suna da sauran ƙuruciya, ita ke karɓar madarar a ƙofar kicin ta mayar da ita yogot. Yogot na gaske fa, ba ruwan nan da ake kaɗa wa sitaci ba. Shagon bakin titi na ɗauka, makarantar renon yara da ke bayan layi na ɗauka, masu jego na aikowa. Aikin ba wani ɓoyayye ba ne: ta tafasa madara, ta bar ta ta huce ta koma ɗumi, ta zuba iri, ta juya, ta rufe tukunya ta naɗe da bargo. Kafin yamma ya kama, ka karkata tukunyar ko gezau. Iri kuwa ba komai ba ne illa ɗan yogot ɗin jiya da ake zuba wa madarar yau. In na yau ya kama a ɗebi na gobe a cikinsa, haka abin ke tafiya.

To, a nan maganar take. Irin Manaja ba na kanti ba ne. Mahaifiyarta, Inna, ita ta ɗebar mata shi a wata 'yar kwalba mai shuɗin murfi, kuma tun daga ranar bai taɓa yankewa ba. Sun sha ƙaura daga gidan haya zuwa gidan haya, kwalbar na kan cinyarta a gaban mota. An sha ɗauke wuta kwana da kwanaki, ta bi maƙwabta masu janareta tana roƙon wuri a firij. Ranar da ta haifi 'yan biyunta mata, tana jin lafiyarsu ƙalau, abin da ta tambaya shi ne ko an sabunta iri. Inna ta daɗe da rasuwa. Ba ta bar gida ba, ba ta bar gona ba, hoton ma guda ne kuma ruwa ya taɓa shi. Abin da ta bari mai rai shi ne wannan. Manaja ba ta ba kowa. 'Yan biyun nan da suka yi aure suka roƙa, ce musu ta yi hannunsu bai nuna ba tukuna. Kwalba biyu take ajiyewa a can ƙuryar firij: ta aiki, wato mai shuɗin murfin nan, da ta ko-ta-kwana wadda Direba ya raɗa wa suna safaya.

Shi Direba tun Inna na da rai shakkarta yake. 'Yar ƙaramar mace ce mai sanyin murya, amma in ta dube ka ta saman tabarau sai ka tuno laifin da ka yi tun na yaye. Har yau in ya buɗe firij ya yi ido biyu da kwalbar sai ya gyara zaman hularsa. Wannan dai bai hana shi ɗan hali ba. Likitan asibiti ya duba tumbinsa ya ce ya rage maiƙo da zaƙi, Manaja ta ɗauki maganar da zafinta ta yanke masa yogot ƙaf. Mutum da shanunsa! Sai ya ɓullo da dabara. In ta jera robobin sayarwa ta juya baya, sai ɗaya ta faɗa aljihun rigarsa, ya kai ajiya wajen abokinsa Mai Faci, mai rumfar gyaran taya a tsallaken titi, wanda ke da ɗan firij na sayar da ruwan sanyi. Can yake zuwa da rana, wai jin labarin gari.

Wata safiya Tanka ta ƙi tatsuwa. Hantsarta ta kumbura ta yi zafi, da ya taɓa ta kawo masa harbi, saura ƙiris ta sauke masa haƙoran gaba. Aka kira likitar dabbobi, wata siririyar mata mai takalmin roba har gwiwa da babur mai akwati a baya, wadda ba ta da lokacin wasa. Ta duba, ta yi wa Tanka allura, ta ɗaura mata jan ƙyalle a ƙafar baya.

Ta ce, "Baba, ku saurare ni da kyau. Zan fita ƙauyuka, don haka zan bar muku kwalbar da sirinji, ku ci gaba da yi mata kullum yadda na nuna muku. Maganin nan yana fita a cikin madara. Duk saniyar da ya shiga jikinta, madararta ba ta shiga bakin mutum, ko an tafasa. Ku tatse ku zubar har sai na ce muku an gama. Jan ƙyallen nan shi ne alama."

"An gama, Likita. Wannan ai ƙaramin aiki ne. Ni da na taɓa sauke giyabos ni kaɗai a tsakiyar daji, ba jak, ba yaron mota..."

Ya kama labarin giyabos. Matsalar Direba ke nan, kunnensa ba ya aiki sai bakinsa na hutawa, bakin kuwa ba ya hutawa. Duk bayanin nan da Likita ta yi, abu biyu ne suka shiga kansa: Tanka ba ta da lafiya, madarar Tanka a zubar.

Da ƙurar babur ɗinta ta kwanta, ya ɗaga kwalbar ya duba ta a hasken rana. Kwalba ce ƙatuwa, ko an yi wa Tanka har ta ƙoshi rabi zai rage. Ya dubi Tirela, ya dubi Akori-kura tana cin igiyarta. A garejin da ya yi aiki ba a taɓa juye wa mota ɗaya baƙin mai a bar 'yan'uwanta suna kallo ba. In za a yi sabis, a yi wa kowa. Ina amfanin jira sai inji ya buga? Ya cika sirinji ya tsira wa Tirela, ya bi Akori-kura suka yi ta zagaye rumfa har ya ritsa ta a jikin kwamin ruwa. Bai ɗaura musu ƙyalle ba, don su lafiyarsu ƙalau. Ya wanke hannu yana jin daɗin kansa.

Washegari ya tatsi Tanka a bokiti daban, ya ɗauka ya nufi ramin bayan rumfa, ya kuma tabbatar maƙwabcinsa da ke shara ya gani.

"Direba, duk wannan madarar za ka zubar?"

"Doka doka ce, malam. Mu da muka yi aikin hanya mun san darajar rai."

Ya tuttular. Sannan ya haɗa madarar Tirela da ta Akori-kura ya kai ƙofar kicin, fara tas, har da kumfa. Manaja ta tafasa, ta jira ta huce, ta ɗiga a bayan hannu ta ji ɗumin ya yi, ta juye kwalbar aiki gaba ɗaya kamar kullum, ta naɗe da bargo.

Da yamma yana zaune a tsakar gida yana gyaran rediyo ya ji ta ce, "Malam, zo ka gani."

Muryar ce ta sa ya ajiye sukudireba. Ya tarar da ita tsaye a kan tukunya, bargo a hannu. Ta ɗan karkata tukunyar, abin ciki ya gangaro tsululu. Madara ce dai kamar yadda aka zuba ta, ba kauri, ba tsami, ba ƙamshin nan da ke cika kicin.

"Ikon Allah," in ji Direba. "Ko batirin irin ne ya yi sanyi?"

Ta dube shi. Kallon nan a gida ta gaje shi.

"Ka tabbata madarar Tanka ba ta shiga ba?"

Nan fa ya hau. Shi? Shi da ya zubar da bokiti guda a gaban shaida? Ya ce a kira maƙwabci, ya ce a zo a ga ramin, ya rantse ya maya ko ɗigo na Tanka bai shiga ba. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa, kuma Manaja ta san fuskarsa in yana ƙarya, don ta sha gani. Ta yarda. Sai ta koma zargin tukunya, da bargo, da iskar da ke shigowa ta taga.

"To a zuba sukari mana," ya ce, "a ɗura a robobi a ce madarar sha ce. Yara ai ba su san bambanci ba."

"Abin da ban gane kansa ba, ba zan sa a bakin ɗan mutane ba."

Ta kinkimi tukunyar ta kai ramin da kanta. Direba ya bi ta da ido, cikinsa na kuka da asara.

Kashegari ta wanke tukunyar har tana ɗaukar ido, ta tafasa cokali, ta tafasa murfi, ta ciro sabon bargo daga ƙasan akwati, ta toshe tagar da kwali. Sannan ta ɗauko safaya. Ta daɗe riƙe da kwalbar kafin ta buɗe. Ta zuba, amma wannan karon ta rage ɗan abin da ya kwanta a gindi, bai wuce cokali guda ba. Ta hana kowa shiga kicin, har shi. Wunin ranar ko rediyo ba a kunna a gidan ba.

Da yamma ta buɗe. Ruwa tsululu.

Ba ta kira shi ba. Shi ya leƙo ya same ta zaune a kan kujerar tsugunno, ta zuba hannuwanta a cinya tana kallonsu. Wayarta na ta ruri a kan firij, mai shago ne, daga baya malamar makarantar reno, ba ta ɗauka ba.

Ta ce, "Hannuna ne. Haka Inna ta yi a ƙarshe, hannu na rawa, ta kasa gane ɗumi. Amma ita kafin nata ya daina ta miƙa min. Ni kuwa a hannuna zai mutu."

Direba mutum ne mai surutu da taurin kai, amma ba mugu ba ne. Ya ji abin har cikin ransa. Tun da ya auri matar nan bai taɓa ganin ta zauna haka ba, ko ranar da motarsa ta kife aka kawo shi gida a naɗe. Ya fita rumfa yana tunanin ta inda zai taimaka. Shi dai bai san kan yogot ba, amma ya san in kaya bai yi kyau ba, a duba motar da ta kawo shi. Madara na buƙatar ƙarin ƙarfi, shi ke nan. Ya ɗauko kwalbar magani, ya yi wa Tanka nata, ya ninka wa Tirela, ya ninka wa Akori-kura, har kwalbar ta ƙare tas. Wayyo, bawan Allah! Har addu'a ya yi musu.

Da safe Manaja ta ce yau ba babbar tukunya, 'yar ƙarama za ta ɗora, daidai cokali gudan da ya rage. In ya kama, iri ya tsira. Ba ta faɗi ɗaya rabin maganar ba. Ya zaɓo mata madarar Akori-kura, wadda a ganinsa ta fi shan sabis. Yana komawa rumfa ya ji tsayuwar babur.

Likita ta duba hantsar Tanka ta ce da sauƙi sosai. Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta sauran maganin. Ya miƙa mata kwalba wayam.

"Baba, zubewa ya yi?"

"Zubewa? A hannuna?" Ya yi dariya ya gyara tsayuwa. "Ai sabis na yi wa gareji gaba ɗaya. Ki duba su, sai sheƙi suke."

Likita ta taka wajen Tirela ta shafa wuyanta, ta ji kumburin allura nan da can. Ta shafa na Akori-kura. Ta juyo a hankali.

"Madararsu fa? Kuna zubarwa?"

"Don me? Su ai lafiyarsu..."

"Innalillahi! Baba, me na ce muku? Ba ciwon kaɗai ake gudu ba, maganin! Wa ya sha?"

"Babu... ni dai a shayi. Na Manaja kuwa ƙin kamawa ya yi, ta zubar."

"Ku gode wa Allah da ta zubar! Yaran makarantar nan fa za a ba. Akwai yaron da in ya sha jikinsa zai farfashe, numfashi ya gagara. Wanda bai nuna ba kuma, ana koya wa cutar jikinsa saba wa magani ne, ranar da ya kwanta a ba shi ya ƙi ci. Yogot ɗin ma ta yaya zai kama? Ƙwayoyi ne masu rai a cikin irin, su ke sa ya kama. Maganin nan aikinsa kashe ƙwayoyi, bai san na kirki ba, bai san na banza ba."

Wannan karon bakin Direba a rufe yake, don haka komai ya shiga. Cokali guda. 'Yar ƙaramar tukunya. Madarar Akori-kura.

Ya zura da gudu. Mutumin da ke cewa gwiwa ta hana shi sunkuyawa ya ɗauki tsintsiya, yau ga shi ya tsallake kwamin ruwa, ya yi fatali da bokiti, takalmi ɗaya ya tsaya a taɓo bai waiwaya ba.

"Manaja! Birki! Taka birki!"

Ya faɗo kicin yana haki. Tana tsaye, cokali a cikin tukunya, tana juyawa a hankali. Kwalbar safaya na gefe, an kankare ta har ba abin da ya rage.

"Lafiya, Malam?"

Likita ta shigo a bayansa. Ya so a ce ita ta yi bayanin, amma ta naɗe hannu ta jingina da ƙofa. Dole ya buɗe baki. Ya fara da garejin da ya yi aiki, ya bi ta kan baƙin mai, ya ɗan ratse zai shiga labarin giyabos, Likita ta yi gyaran murya, ya dawo hanya. Da ya zo wajen ninkawar jiya muryarsa ta koma kamar ta mai mura.

Ya shirya wa faɗa. Wallahi da ta ɗauki ludayi ta sauke masa a ka da ya ji sanyi. Ba ta yi ba. Tambaya ɗaya ta yi wa Likita, ko za a iya ceto wanda ke cikin tukunyar. Likita ta girgiza kai. Manaja ta ce, "To." Ta ɗauki kwalbar mai shuɗin murfi da safaya ta kai wajen wanke-wanke, ta sa soso da sabulu ta wanke su ciki da waje, ta kife su a kan tire. Ba ta taɓa wanke su biyun rana ɗaya ba.

"Ashe ba hannuna ba ne," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Alhamdu lillahi."

Kafaɗunta ne kawai ke motsi. Direba ya tsaya da takalmi ɗaya, ya ji duniya ta yi masa ƙunci. Ya kashe wa matarsa uwa a karo na biyu, haka ya ji, kuma da hannunsa, yana murna. Ba don idon Likita ba da ya zauna a ƙasa ya yi kuka. A cikin wannan hali, saboda rashin ta-ido irin na ciki, sai tumbinsa ya yi ƙugi, don ko karyawa bai yi ba. Ƙugin nan ne ya tuna masa firij ɗin Mai Faci.

Robobi biyu ya kai ajiya kafin Tanka ta kwanta. Na tukunyar ƙarshe mai kyau. Tashin hankalin kwanakin nan ya hana shi zuwa jin labarin gari.

Ka ga, ko a nan sai da shaiɗan ya ɗan raɗa masa cewa laifi ɗaya ya isa rana ɗaya. Ya dubi kwalaben nan a kife, ya ce wa shaiɗan ya matsa.

"Manaja, in an samu robar sayarwa ta satin da ya wuce, wadda ba a buɗe ba, tana cikin sanyi, za ta yi iri?"

Ta juyo. "Ina za a samu? Mai shago ya ce ko ɗaya ba ta rage ba."

"Ina zuwa."

Ya sake zurawa. Masu shaguna suka fito suna kallon Direba, dattijo mai tumbi, ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya ba takalmi, yana ɗaga wa motoci hannu yana ratsa titi. Tun daga nesa ya hango abin da ya kusa tsayar masa da zuciya. Mai Faci na zaune a kan tsohuwar taya, ya miƙe ƙafa, roba ɗaya a ƙasa an lashe ta tas, ɗayar a hannunsa, baƙin farcensa na laluben bakin murfin.

"Kada ka buɗe! Kai! Ɓarawo! Ajiye!"

Mai Faci ya ɗago. "Ɓarawo? Kai ka saya?"

"Ba ni nan!"

"Kwana nawa tana shan wutata kyauta? Na ce ko ka tuba ne."

Direba ya cafke robar, Mai Faci ya riƙe, suka yi ta ja-in-ja, su biyu da furfurarsu, wani mai keke da ya kawo faci ya tsaya yana ba su shawara. Sai da Direba ya ce, "Surukata ce a ciki!" Mai Faci ya saki da sauri ya goge hannu a wando. Bai gane ba, amma ya san ba a wasa da wannan.

Ya ajiye robar a gaban Manaja, sanyi na naso a jikinta. Ta ɗauka ta juya, ta duba murfin, ta ga liƙin hannunta ne, ba a taɓa ba. Ta dube shi.

"A ina?"

"Firij ɗin Mai Faci."

"Tun yaushe ake kai ajiya?"

"Tun... tun da likita ya yi magana."

"Dama na san ɓeran da ke ɗauke min robobi hula yake sawa." Ta buɗe ta sansana, ta ɗebo da tafasasshen cokali ta taɓa a harshe, ta rufe ido. "Da sauran ransa. Amma da wace madarar? Garejin gaba ɗaya an yi masa sabis."

Likita ta ce madarar gari za ta yi, a dama da tafasasshen ruwa, iri zai kama. Shanun kuwa duk ukun a tatse a zubar, sai ranar da ta zo da kanta ta ce an gama. Ta yago jan ƙyalle daga akwatinta ta je ta ɗaura wa Tirela da Akori-kura. Wani ɗan guntu ya rage, Manaja ta miƙa hannu ta karɓa.

"Kawo hannunka, Malam."

Ta ɗaura masa a wuyan hannu, ta ƙulle tam. "Duk abin da ya fito daga hannun nan ba ya shiga kicin ɗina sai Likita ta ce an gama. Amma zai iya zuwa shago."

Haka Direba ya tafi shagon bakin titi da jan ƙyalle a hannu, ya tsaya har layi ya watse, ya sunkuyo ya yi magana ƙasa-ƙasa. Mai shago kuwa, Allah ya shirye shi, sai ya kama kunne ya ɗaga murya.

"Me ka ce, Direba? Garin alli? Gwangwani nawa?"

Wunin ranar a ƙofar kicin ya yi shi, a zaune a ƙasa, yana korar kaji, yana hana ko kyanwa gilmawa kusa da bargon. Mai Faci ya aiko a tambaya ko surukar ta farfaɗo, ya ce a ce masa ana jira. Da rana ta yi sanyi Manaja ta shiga, ta warware bargon, ta ɗaga murfi. Ƙamshin ne ya fara fitowa. Ta karkata tukunyar a hankali, ta ƙara karkatawa. Ko gezau.

Ta ɗanɗana. Sannan ta ce, "Inna ce."

Ta cika kwalba mai shuɗin murfi, ta cika safaya. Sai kuma ta buɗe kabad ta ciro wasu ƙananan kwalabe biyu, ta tafasa su, ta cika. Ta ɗauki waya ta kira 'yan biyu ɗaya bayan ɗaya, ta ce gobe kowace ta zo da kanta, kada a aiko kowa, kuma a zo da kula mai ƙanƙara. Ɗaya ta tambaya ko hannun nasu ya nuna ne. Ta ce, "Zai nuna a hanya."

Abin da ya rage a gindin tukunya ta kankaro a cokali, ta miƙo masa daga bakin ƙofa.

"Guda ɗaya. Kada ka saba."

Bai karɓa ba tukuna. Ya tashi ya cire takalmansa, ya gyara hula, ya zo gaban kwalbar mai shuɗin murfi ya tsuguna, gwiwoyin na ƙara, ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi a da in ya je gaisuwa.

"Inna, barka da dawowa. Na yi laifi, a yi haƙuri."

Manaja ta tuntsire da dariya har ta dafa firij, hawaye na zuba tana sharewa da gefen ɗankwali. Shi kuwa bai tashi ba, don a da ma ba ya tashi sai an amsa. Ta share fuska, ta sassauta murya, ta dube shi ta saman tabaran da ba ta da shi.

"Mun ji. Tashi, ɗan nan. Allah ya shirya."

Ya tashi ya karɓi cokalin da hannu biyu.